Kurege da Man Mai da Tsoho Yaro

Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta tsaye a bakin zaure.

Ta shigo mu ji ta.

To ku matso. Wannan tatsuniya ta Babanmu ce, Allah ya jiƙansa. Shi ya iya muryoyin cikinta, ni ban iya ba, sai ku yi haƙuri da tawa. Labarin ranar da Kurege ya kusa rasa kansa ne saboda akushin tuwo.

Wani gari ne na dabbobi a bakin tafki. A garin akwai tsamiya babba, a gindinta akwai tabarma, a kan tabarmar akwai dattawa uku: Bunsuru mai farin gemu, da Kunkuru mai tattararren wuya, da Talotalo wanda fatar maƙogwaronsa ta saki har tana lilo in yana magana.

Al'adar garin kuwa, ranar gayya, wato ranar da aka taru a yi wa mutum ɗaya noma, samari ke kama garma, dattawa su zauna a inuwa. In abinci ya zo, akushin farko na dattawa ne: tuwon dawa mai laushi, miyar taushe da ta sha gyaɗa, man shanu yana yawo a kai. Samari sai abin da ya rage a gindin tukunya. Amma al'adar tana da ƙarashe. Duk wanda ya ci akushin nan, in wani abu ya tunkaro gari, ko baƙo ko bala'i, shi zai tashi ya tarye shi. Kurege ya san farkon al'adar sarai. Ƙarashen ne bai taɓa tsayawa ya saurara ba.

Shi Kurege saurayi ne, ga ƙiwuya ga kwaɗayi. Kowace gayya yana riƙe da garma, amma idonsa yana gindin tsamiya. Ya ga Bunsuru ya yanko loma, ya haɗiyi yawu. Ya ga Kunkuru ya suɗe hannu, ya haɗiyi yawu. Har wata shekara ya ce a ransa, "Ni dai ba zan jira furfura ba. Bana sai na ci akushin nan."

Ana nan, ana nan, sai Bijimi, Sarkin Noman garin, ya sa aka yi shela cewa jibi akwai gayya a gonarsa. Kurege ya ji. Ya koma gida ya ɗauko tsohon kasko. Ya zuba man kaɗe. Ya kankaro baƙin gindin tukunya ya zuba. Ya narka ƙaro, irin mai danƙon nan na jikin itace, ya zuba. Ya ɗiga zuma don ƙamshi. Ya dama, ya dama, har abin ya yi baƙi wuluk yana sheƙi. Ya rufe da ganye ya nufi gidan Bunsuru.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Kai ne, ɗan nan? Me ka rufo haka?"

"Ba komai, Baba. Tambaya ce dai ta kawo ni. Rabonka da jin sunanka a bakin ganga?"

Tambayar ta soki Bunsuru. Don a zamaninsa, in ya kama kunyar noma, ba a ganinsa sai ƙura, makaɗa kuwa shi suke bi. Ya shafa gemu ya ce, "An daɗe."

"To ga shi na ji 'yan mata jiya a bakin tafki suna cewa wai gemunka kamar an jefar da auduga."

"Wace mara kunya ce ta faɗa?"

"Bar su, Baba, ba laifinsu ba ne, laifin furfura ne. Ga maganinta. Sunansa mai da tsoho yaro. Shafa ɗaya, shekara ashirin ta faɗi ƙasa."

"Nawa za ka karɓa?"

"Haba Baba! Tsakanin ɗa da uba? Albarka kawai."

Ai da Bunsuru yana da wayo, da nan ya gane, don tun da aka haifi Kurege bai taɓa ba kowa ko ɓawon gyaɗa kyauta ba. Amma ganga tana kaɗawa a kunnensa. Ya miƙa gemu. Kurege ya shafa, ya murza, ya ja fatar kumatu ya manne ta a bayan kunne. Bunsuru ya leƙa randa ya ga wani baƙin saurayi yana kallonsa. Ya ce, "Kai! Ashe ina nan!"

Kurege ya wuce gidan Kunkuru.

"Baba, rabonka da jin sunanka a bakin ganga?"

"An daɗe."

"Shafa ɗaya, shekara ashirin ta faɗi ƙasa."

"To ni da na haura ɗari, ashirin me za ta yi mini?"

"Sai a yi maka shafa biyar."

Aka yi masa shafa biyar. Wuyansa ya miƙe santal kamar taɓarya, har ya kasa mai da kai cikin ƙoƙonsa. Ya ce ba komai, dama saurayi ba ya ɓoye fuska.

Kurege ya wuce gidan Talotalo. Shi ko tambayar bai jira ba, don ya riga ya hango Bunsuru ta kan danga. Ya ce, "Yaro, ɗaure mini wannan abin da ke lilo." Kurege ya tattara fatar maƙogwaron ya naɗe, ya manne a ƙeya. Murya ta koma siririya kamar ta ɗan tsako. Talotalo ya ce ai haka muryarsa take tun asali.

Ranar gayya ta zo. Hantsi ya dubi gona, samari sun yi layi, Kwaɗo makaɗi ya rataya ganga. Sai ga mutum uku sun taho suna taƙama, fuska na walƙiya. Bijimi ya ƙura musu ido.

"Baba Bunsuru? Ku ne kuwa?"

"Wane ne Baba? Ka ga Baba a nan?"

Bijimi ba ya son dogon zance. Ya ce, "To madalla. Wanda ya ce shi yaro ne, ga garma." Ya miƙa musu ɗaya ɗaya. Kwaɗo kuwa ya ga abin kiɗa ya samu, ya saki ganga: "Tsofaffi sun koma yara! Man Kurege ya mai da tsoho yaro!" Ganga ta tashi ta haye tafki, ta shiga dawa.

Bijimi ya waiwaya ya ga tabarma wayam. Ya ce, "Yanzu wa zai sa wa gayyata albarka? Wa zai buɗe akushi?"

Sai aka ji tari. Uhu, uhu. Ga wani ɗan tsoho ya fito daga bayan tsamiya, yana dogara sanda, cikin babbar riga mai jan ƙasa. Kansa fari fat, gashin bakinsa fari fat. Toka ce, ku da kuke saurare kun sani, amma su ba su sani ba. Wutsiya kuwa an naɗe ta an cusa a wando.

"Sannunku da aiki, jikokina. Ni ne kakan Kurege, daga gabas na zo ganinsa, na tarar ya tafi dawa neman ganye."

"Lale, Kaka! Allah ne ya kawo ka. Bismillah, ga tabarma."

Kurege ya zauna. Ya miƙe ƙafa. Iska ta taso daga tafki mai sanyi, ganyen tsamiya yana zubo masa a kafaɗa ɗaya ɗaya. Ya ce a ransa, "Ashe haka duniya take daga nan."

Rana ta take. Mata suka kawo abinci, aka jera akushi uku gaban tsoho ɗaya. Ya ce shi haƙoransa sun tafi, ɗan taɓawa kawai zai yi. Ya taɓa na farko har ya ga gindinsa. Ya taɓa na biyu har ya ga gindinsa. Na uku sai da ya kwance tazuge.

A gona kuwa labari ya sha bamban. Kunyar farko, Bunsuru ya yi ta da kirari. Kunya ta biyu, ƙugunsa ya ce ƙas. Man ya fara narkewa yana bin gemu, yana ɗiga baƙi baƙi a ƙirji. Ƙudaje suka ji zuma suka zo. Cinnaku suka ji suka hau ƙafa. Kunkuru ya ɗaga garma, garma ta rinjaye shi, ya faɗi rigingine yana harba ƙafafu sama, ga wuya ya ƙi shiga ciki, rana tana gasa shi. Talotalo ya roƙi ruwa, aka ba shi, ruwa ya ƙi wucewa saboda ɗaurin maƙogwaro.

Ana cikin haka sai ganga ta yi tsit. Tsuntsaye suka yi tsit. Ciyawar bakin gona ta rabe biyu, sai ga Zaki.

Tsoho ne shi ma. Gezarsa ta zube gefe guda, fatar fuskarsa ta sauko, ga tabo ta ko'ina. Amma Zaki ko ya tsufa Zaki ne. Garma ta faɗi daga hannun kowa.

Bunsuru, da yake ya saba shekara da shekaru, ya yunƙura zai tashi ya tarye shi. Ƙugu ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna daɓas.

Bijimi ya matsa gindin tsamiya ya yi ƙasa da murya. "Kaka, ga baƙo."

"Na gan shi, jikana. Allah ya ba ku sa'a."

"A'a, Kaka. Wanda ya ci akushi shi ke taryar baƙo. Kai kuwa uku ka ci."

"Ni baƙo ne a garin nan."

"Akushin bai ce kai baƙo ba ne."

Kurege ya duba hagu, Bijimi. Ya duba dama, tafki. Ya tuna raminsa, amma da cikin nan da ya cika ko kansa ba zai shige ba. Bijimi ya sa ƙaho ya ɗan tura shi. Kurege ya dogara sanda har ya isa gaban Zaki ya zube.

"Ranka ya daɗe, manyan dawa. Barka da zuwa."

"Kai ne babbansu?"

"Haka suka ce, ranka ya daɗe."

"Na ji ganga tana cewa akwai mai a garin nan da ke mai da tsoho yaro. Na leƙa ruwa da safe, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Ina Kuregen?"

"Jikana ne, ranka ya daɗe. Ya tafi dawa."

"Daga dawa nake, ban gan shi ba. Kai kakansa ne, ka san haɗin. Kawo a shafa mini. In na koma yaro, na tafi lafiya. In ban koma ba, dama ban karya kumallo ba, kuma na ga cikinka ya yi kyau."

Kurege ya yi lissafi a ransa. In ya shafa masa, kafin la'asar man zai narke, a cinye shi. In ya ce ƙarya ce, a cinye shi yanzu. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin toka.

Zaki ya sunkuyo ya shinshina kansa. Ya ce, "Tsaya ma tukuna. Jikanka ne mai maganin, kai kuma ga ka nan fari fat. Me ya hana ka shafawa?"

Nan Kurege ya ga ƙofa, 'yar ƙarama, ya kuwa cusa kai.

"Ni? Allah ya tsare ni, ranka ya daɗe! Ai na ga abin da ya yi wa mutane. Taho ka gani da idonka."

Kurege ya ja shi bakin kunya. "Wannan jiya dattijo ne, yana inuwa ana kawo masa abinci. Bunsuru, yaya ƙuruciya?"

Bunsuru ya ce, "Wayyo ƙuguna."

"Wancan da ke kallon sama, shafa biyar aka yi masa. Kunkuru, yaya ƙuruciya?"

Kunkuru ya ce, "Don Allah wani ya juya ni."

Talotalo ba a ma tambaye shi ba, ya buɗe baki ya ce, "Tsiyak."

Kurege ya ce, "Man yana aiki, ranka ya daɗe, ba a nan matsalar take ba. Fuska kawai yake gyarawa. Ba ya shiga gwiwa, ba ya shiga ƙugu, ba ya shiga haƙori. In ba ka ji haushi ba, in yi tambaya. Akwai samarin zakuna a dawanka?"

"Akwai 'yan banza guda huɗu."

"In sun hango ka, me suke yi?"

"Su durƙusa daga nesa. In sun yi kamu, su bar mini cinya."

"Saboda me?"

Kurege bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Saboda fuskar nan, ranka ya daɗe. Kowane tabo a jikinta suna ne na wanda ka kayar, suna karantawa suna ja da baya. To in na shafe ta yau, gobe su zo su tarar da wani sabon saurayi kwance a inuwar tsoho, ba su san shi ba, bai san su ba. Me ake yi wa baƙon saurayi a dawanku?"

Zaki ya kai harshe ya taɓa fiƙarsa ta hagu. Fiƙa ta yi motsi. Ya sake taɓawa, ta sake motsi.

Har ya fara juyawa zai tafi, sai ya tsaya cak. Ya ƙura wa Kurege ido. Gumi ya riga ya wanke toka daga goshi zuwa kumatu, ga jan gashi na saurayi ya bayyana a fili.

"Kai tsoho. Me ya sa rabin fuskarka ya koma ja?"

Kurege ya shafa kumatu ya duba hannu. Sai ya kurma ihu.

"Wayyo Allah, ya kama ni! Kaskon kawai na taɓa da safe, ranka ya daɗe, ko buɗewa ban yi ba! Ashe yana bin jiki! Ga shi yana hawa, ga shi ya kai kunne! Ja da baya, manyan dawa, yanzu ka shinshina ni, kada ya tsallaka maka!"

Ya miƙa hannu kamar zai riƙe gezar Zaki don neman taimako. Zaki ya yi tsalle baya, tsallen da rabonsa da yi tun yana da haƙora duka. "Kada ka taɓa ni! Na ce kada ka taɓa ni!" Ya goga hanci a ƙasa, ya goga a ciyawa, ya faɗa dawa yana atishawa. Ba a sake jin ko tarinsa ba.

Aka daɗe ba wanda ya motsa. Sannan tsuntsu ɗaya ya gwada murya, wani ya amsa masa. Bijimi ya saki numfashi har ƙura ta tashi. Kurege kuwa ya zauna a tsakiyar kunya, tazuge ya sake, wutsiya ta fito buzu-buzu kowa yana gani.

Ba a kula shi ba tukuna. Aka juya Kunkuru, aka tallabi Bunsuru, aka kai su uku bakin tafki. Mata suka ɗumama ruwa, aka kawo sabulun salo. Ana wankewa baƙin yana bin ruwa, ƙaro yana saki. Fata ta dawo a hankali, layi bayan layi, kamar kunyoyin gona in ruwan farko ya sauka a kansu. Gemu ya koma fari. Na san irin fuskar nan, wadda in ka dawo gida ka tarar da ita a ƙofa sai ka ji ka iso. Kunkuru ya mai da kai cikin ƙoƙonsa ya fito, ya mayar ya fito, don daɗi kawai. Talotalo ya shanye ƙwarya guda ta ruwa, maƙogwaro yana lilo, ya ce da tsohuwar muryarsa, "Alhamdu lillahi." Bunsuru ya leƙa tafki ya ce, "Sannu da dawowa, tsoho."

Sannan aka kawo Kurege gindin tsamiya. Bijimi yana kartar ƙasa da kofato. Ya ce, "Ku ba ni shi. Taku ɗaya ya isa."

Kunkuru ya ce, "A'a, Sarkin Noma. Mu da gemunmu muka miƙa masa fuska, ba ɗaure mu ya yi ba. Ya ci akushi, ya taryi baƙo. Al'ada ta cika."

Bunsuru ya ce, "Gaskiya ne. Ni shekara talatin ina taryar baƙi, ban taɓa ganin bayan Zaki da gudu ba sai yau. Yaron nan ya iya. Ni a ganina, daga yau a ba shi wuri a tabarma. Kullum akushi nasa ne."

Kunnen Kurege ya miƙe. "Kullum, Baba?"

"Kullum. Dama mun gaji. Ga shi an ce Kura tana tafe jibi, wai tana neman mai gyara mata ɗingishi. Kadan tafki ma ya aiko, ƙaiƙayin baya ya dame shi, yana son a shiga ruwa a duba masa. Kai da ka san magani, sai ka tarye su."

Kurege ya dubi tabarma. Ya dubi akushi uku da ya sharce. Ya dubi inda ciyawa ta rabe biyu, har yanzu ba ta haɗe ba.

Ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya ajiye gaban Bunsuru. Ya jingine sanda a jikin tsamiya.

"Baba, ni yaro ne. Wallahi yaro ne ni, ko ƙwalwata ba ta gama haɗuwa ba. Sarkin Noma, ina garmata?"

Aka miƙa masa. Ya kama kunya, ya kai ƙarshe, ya juyo ya kama wata, ba wanda ya ce masa yi. Da yamma aka ba shi ƙanzon gindin tukunya. Ya zauna can nesa da tsamiya, bayansa yana ciwo, kansa yana kan wuyansa, yana ta ƙurmusa. Ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba.

Ƙurunƙus kan ƙadangare. In kun ga an jera wa tsoho akushi, ku bari ya ci abinsa, ba ku san wanda zai fito daga ciyawa ba. In kuma Kurege ya ce zai gyara muku fuska kyauta, ku fara duba inda kuka ajiye tuwonku.